Likita kuma mai binciken gadon ciwon sukari: amsa ga wata ɗaliba

Wata ɗalibar likitanci ce ta aiko da wannan tambaya: "Dakta, ina shekarar ƙarshe. Ciwon sukari ya yi yawa a danginmu, shi ya sa nake son in yi bincike kan yadda ake gadonsa. Amma malamaina sun rabu biyu. Wasu na cewa taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi asibiti ko ɗakin bincike. Da gaske mutum zai iya zama likita kuma mai binciken ƙwayoyin gado? Yaya aikin yake, kuma majinyaci yana ƙaruwa da shi kuwa?"

Ƙanwata, ana haɗawa. Ni ma abin da nake yi ke nan, kuma a ganina da wuya a sami fannin da ya fi wannan nuna amfanin haɗawar. Amma kada ki yi watsi da maganar malamanki. Duk wanda ya ɗauki bincike abin taɓawa da daddare, bayan ya gama zagayen marasa lafiya ya gaji tilis, lalle abin zai gagare shi. Bari in fara da fannin kansa, don sai kin ga inda likita yake da rana a cikinsa sannan za ki iya yanke shawara.

Ciwon sukari ba cuta ɗaya ba ce. Hauhawar sukari a jini ce kaɗai ta haɗa su, hanyoyin da ake bi a kai can kuwa daban-daban ne. Kowa yana ganin ciwon na bin dangi, amma galibi ba ya bin ƙa'idar gado da Mendel, uban ilimin gado, ya shimfiɗa, har James Neel, masanin gado na Amurka, ya taɓa kiransa mugun mafarkin masu binciken gado. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi a 2024, sama da kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke juyowa ta halaka ƙwayoyin beta na fankiriyas, waɗanda ke samar da insulin. Tun a 1973 da 1974 aka gano alaƙarsa da yankin HLA na kuromosom na 6, wani sashe na DNA da ke kula da garkuwar jiki, wanda shi kaɗai ke ɗauke da kusan rabin haɗarin da ake gada. Duk da haka mafi yawan yaran da ke kamuwa babu mai ciwon a gidansu, kuma tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya yakan kamu ɗayan ya tsira.

Inda nake son ki tsaya ki duba da kyau shi ne wani ɗan ƙaramin kaso, kamar mutum 1 ko 2 cikin 100, waɗanda tangarɗa a ƙwayar gado ɗaya tak ce ta jawo musu ciwon. Nan ne likitoci masu bincike suka yi aikin da har gobe ake misali da shi. A 1974 wani likita a Landan, Robert Tattersall, ya lura da iyalai da matasansu ke da ciwon sukari mai sauƙi wanda ba ya buƙatar allura, yana sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya ba tsallake. Shi da Stefan Fajans na Michigan suka sa wa abin suna MODY, wato ciwon sukari irin na manya da ke kama matasa. A lokacin babu na'urar karanta DNA, ido ne da tambaya da takarda. Sai a 1992 ƙungiyar Philippe Froguel a Faransa da ta su Andrew Hattersley a Ingila suka gano ƙwayar gado ta farko da ke jawo MODY, mai suna GCK. A 1996 ɗakin binciken Graeme Bell a Chicago ya gano wasu biyu, HNF1A da HNF4A.

Ga yadda abin yake zuwa a asibiti. Budurwa ce 'yar shekara 20, siririya, tun tana sakandare aka ce mata nau'i na ɗaya ne, aka ɗora ta kan allura. Sai ki lura insulin ɗin da take yi kaɗan ne ƙwarai. Ki tambaye ta ko tana tsallakewa, ta sunkuyar da kai ta ce wani lokaci takan yi kwanaki ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa faɗawa halin nan mai haɗari da sinadarin kiton ke taruwa a jini saboda rashin insulin ba. A nan sai ki jawo farar takarda ki ce ta lissafo miki 'yan gidansu. Da'ira ga mace, murabba'i ga namiji, wanda ke da ciwon ki cike nasa da baƙi, ki rubuta shekarar da ya same shi. Mahaifiya tana da 24, kawu yana da 19, kaka tun kafin ta gama haihuwa. Tsara uku, layi ɗaya miƙe. Ki aika a auna C-peptide, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin, ya nuna jikinta na yin nasa insulin bayan duk shekarun nan. Ki nemi alamun farmakin garkuwar jiki irin su GAD, babu. Sai gwajin DNA ya dawo da tangarɗa a HNF1A. Tun 2003 Ewan Pearson da Hattersley suka nuna cewa masu wannan nau'i suna amsa ƙwayar maganin gliclazide fiye da kima, har ana fara musu da ɗan gutsure na abin da aka saba bayarwa. Yarinyar nan tana iya barin allura ta koma shan ƙwaya, haka mahaifiyarta.

Kada ki ɗauka murna za ta yi nan take. Wadda aka yi shekaru ana ce mata barin allura mutuwa ne, takarda ɗaya ba ta sa ta saki. Maggie Shepherd, ma'aikaciyar jinya a Exeter ta Ingila, ta yi rubuce-rubuce kan wannan tsoro, kuma duk wanda ya zauna da irin waɗannan majinyata ya san shi. Ana janyewa ne a hankali, ana auna sukari kullum, likita na kusa. Ga mai karatu da ba likita ba kuma, don Allah kada wani ya ajiye allurarsa saboda ya karanta wannan. Ga mai nau'i na ɗaya na gaskiya, hakan halaka ne.

Masu tangarɗa a GCK kuwa labarinsu daban ne. An haife su da sukarin da ya ɗan hau, kusan 5.5 zuwa 8 a ma'aunin mmol/L in ba su ci komai ba, haka zai zauna har tsufa, magani ba ya sauya shi, kuma da wuya ya lalata musu ido ko ƙoda. In ba lokacin juna biyu ba, maganinsu shi ne a ƙyale su. Wani nazari daga Birtaniya a 2010 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 na masu MODY ba a gane su ba, ana yi musu maganin wani nau'in.

Abin da ya fi girgiza ni a tarihin fannin nan shi ne na jarirai. A 1984 Frances Ashcroft ta Oxford, wadda ba likitar asibiti ba ce, ta nuna cewa akwai wata ƙofar fotashiyam a jikin ƙwayar beta. In sukari ya shiga ƙwayar, ƙofar ta rufe, wutar lantarkin ƙwayar ta sauya, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. Daga baya aka gane cewa magungunan sulfonylurea, waɗanda ake ba manya tun shekarun 1950, wannan ƙofar suke rufewa. Shekara 20 bayan haka, a 2004, Anna Gloyn da Hattersley da Ashcroft suka buga cewa jarirai da yawa da ciwon ke kamawa kafin wata shida suna da tangarɗa a ƙwayar gado ta KCNJ11, wadda ke sa ƙofar ta ƙi rufuwa. Ƙwayoyin betarsu na nan da rai, insulin na ciki, fitowa ce ta gagara. To me zai hana a rufe ƙofar da magani? A 2006 aka buga sakamakon majinyata 49: 44 sun bar allura gaba ɗaya sun koma ƙwaya, matsakaicin HbA1c ɗinsu, wato awon da ke nuna yawan sukarin jini na watanni biyu zuwa uku, ya sauko daga 8.1 zuwa 6.4. Da aka bi sawun irinsu shekara 10, sama da kashi 90 suna nan kan ƙwayar. Wani nazari na 2015 kan jarirai 1,020 daga ƙasashe 79 ya gano sanadin gado a kashi 82. Shi ya sa yau ƙa'ida ita ce duk jaririn da ciwon ya kama kafin wata shida a yi masa gwajin DNA. Ki lura da yadda aikin ya rabu. Mai ɗakin gwaji ta san ƙofar, likita ya san jariran da iyayensu, kuma shi ne ke da ikon cewa a gwada maganin, ya kwana yana duba sukarin yaro. Babu ɗayansu da zai kai can shi kaɗai.

Nau'i na biyu kuwa, wanda na fi zaton shi ne a danginku, dole in gaya miki gaskiya ba ƙari. A 2000 David Altshuler da abokan aikinsa suka tabbatar da hannun ƙwayar gado ta PPARG a cikinsa. A 2006 kamfanin deCODE na Iceland ya gano TCF7L2, wadda har yanzu ita ce mafi ƙarfi cikin sauye-sauyen da suka yaɗu, amma kwafi ɗaya nata, wato in mutum ya gaje ta daga uwa ko uba kaɗai, na ƙara haɗari da kusan kashi 40 ne kawai. Daga 2007 aka shiga zamanin duba DNA ɗin dubban mutane daga farko har ƙarshe a lokaci guda. Nazarin da ya fito a mujallar Nature a 2024 ya haɗa mutane sama da miliyan 2.5, ya lissafa wurare 611 a DNA masu alaƙa da ciwon. Kowane wuri ɗan taɓawa yake yi. Tun 2008 binciken Framingham ya nuna cewa in ka san shekarun mutum da nauyinsa da sukarinsa da ko iyayensa na da ciwon, ƙara masa makin haɗari da aka lissafa daga DNA ɗinsa ba ya ƙara maka sani sosai. Don haka duk wanda ya ce miki gwajin yawu zai faɗa wa mutum ko zai kamu, ya wuce gona da iri. Amma akwai sakamako ɗaya da nake yawan faɗa wa majinyata. A babban gwajin rigakafi na Amurka da aka buga a 2002, rage nauyi da kusan kashi 7 da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58. A 2006 Jose Florez, shi ma likita ne mai bincike, ya koma kan mutanen nan ya ga cewa masu ɗauke da kwafi biyu na sauyin TCF7L2, in suna rukunin da ya sauya salon rayuwa, ƙarin haɗarinsu ya kusa gushewa. Wannan ya shafi 'yan'uwanki kai tsaye. Ki zana musu takardar nan da na faɗa. In kin ga sirara da ciwon ya kama kafin shekara 25 ko 30 tsara bayan tsara, a bincika. In ba haka ba, gwajin sukari a kan kari da kula da nauyi sun fi musu gwajin DNA amfani.

To ina ribar wurare 611? Ribarsu a fahimtar cutar take, da neman magani. Da yawansu sun nuna cewa gazawar ƙwayar beta na da babban hannu, ba ƙiba kaɗai ba. A 2014 aka gano cewa mutanen da kwafi ɗaya na SLC30A8 ya lalace musu, haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 65, abin da ya sa masu haɗa magani suka fara tunanin toshe ta da gangan. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne Altshuler ya koma kamfanin haɗa magani na Vertex a 2015, Mark McCarthy na Oxford ya koma irinsa, Genentech, a 2019. Ita ma hanya ce a wannan sana'a, kuma ban ɗauke ta cin amanar asibiti ba.

Akwai giɓin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wani lissafi na 2016 ya nuna kusan kashi 80 na mutanen da aka yi irin waɗannan nazarce-nazarce a kansu Turawa ne, masu asali daga Afirka kuwa kusan kashi 3, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Duk inda aka leƙa wajen Turai an ga sabon abu. A Greenland an sami sauyi a TBC1D4 wanda mai kwafi biyu haɗarinsa ke ninkawa kusan sau 10. A Meziko an sami SLC16A11. Charles Rotimi da Adebowale Adeyemo, da bincikensu na shekaru a Najeriya da Ghana da Kenya, sun gano ZRANB3 a 2019. Wanda ya fi shafar aikin likita na kullum shi ne na G6PD. Wani sauyi da ya yaɗu tsakanin masu asalin Afirka yana gajarta rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, sai HbA1c ya fito ƙasa da gaskiyarsa, da kusan 0.8 a wajen maza, kamar yadda aka nuna a 2017. Tunda 6.5 ne ma'aunin da ake cewa mutum ya kamu, wanda ya kamata a ga 7.0 sai a ga 6.2 a sallame shi a ce lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ga hanyar shiga. A Amurka akwai karatun da ke haɗa digirin likita da digirin digirgir, kusan shekara 8, wanda NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, ke tallafawa tun 1964. Bayansa horon ƙwarewa a cututtukan manya ko na yara, sannan ƙwarewa kan cututtukan homon. Sai ƙaramin tallafin bincike da ke sharɗanta a ware wa mutum kashi 75 na lokacinsa, babban tallafi na farko kuwa galibi sai an haura shekara 40. A Birtaniya ana ba matashin likita rubu'in lokacinsa don bincike na shekara 3, daga nan ya nemi tallafin gidauniyar Wellcome ko hukumar binciken likitanci ta MRC ya yi digirgir. A ƙasashe da yawa babu irin wannan tsani, sai mutum ya gama ƙwarewa sannan ya nemi digirgir da kansa. Tun 1979 James Wyngaarden ya yi gargaɗin cewa likitoci masu bincike na neman ƙarewa, kuma dalilan ba su sauya ba: hanyar na da tsawo, abokan karatunki za su riga ki samun kuɗi, takardun neman tallafi da ake mayarwa sun fi waɗanda ake karɓa yawa, kuma shekarun da ake gina suna su ne shekarun da ake gina iyali. Ga mace nauyin ya fi yawa. Ki tambayi duk inda za ki je yadda suke yi da hutun haihuwa a lissafin shekarun tallafi, tun kafin ki sa hannu.

Shawarata kan rabon lokaci ita ce kada ki yarda da rabi da rabi na dindindin. Asibiti ba ya tsayawa a rabinsa. Majinyaci na gabanki yana numfashi sama-sama, lissafin kwamfuta kuwa ba ya kuka, kullum shi za a ɗage. Ki fara zama cikakkiyar likita, wadda za a bar wa ɗakin marasa lafiya da dare a yi barci. Bayan nan ki nemi kashi 70 ko 80 na bincike, da yini ɗaya ko biyu na duba masu ciwon sukari zalla, inda tambayoyinki za su riƙa fitowa. A rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, alkawarin baki ba ya tsira ranar da likitoci suka yi ƙaranci.

Kuma ki sani yawancin aikin a gaban kwamfuta yake. Za ki koyi ilimin ƙididdiga sosai, da harshen kwamfuta na R ko Python, da manhajoji irin su PLINK. Makonni za su tafi wajen tsabtace bayanai kafin a taɓa tambayar kanta. Samfur an rubuta namiji, DNA ya nuna mace, ashe an musanya kwalabe. Mutum biyu da aka ɗauka bare ne ashe wa da ƙani ne. Masu ciwo daga wani yanki aka ɗebo su, marasa ciwo daga wani, sai bambancin asali ya yi kama da sanadin cuta. Irin wannan ne ya cika mujallun shekarun 1990 da sakamakon da ba a sake samu ba, shi ya sa yanzu ba a yarda da wata alaƙa sai yiwuwar dacenta ta kasa ɗaya cikin miliyan 20, kuma an sake ganinta a wasu mutanen. Likitan da ya miƙa wa wani lissafinsa gaba ɗaya ba zai gane ranar da lissafin ya yi masa ƙarya ba. Wani abu kuma, manyan takardun fannin nan kan ɗauki sunaye ɗaruruwa, matashi na iya nutsewa a tsakiya. Don haka wajen zaɓen malamin da zai ja ki, ki duba ɗalibansa na baya ina suke yanzu, kuma sunan wa ke gaba a takardunsu. Wannan ya fi girman sunansa muhimmanci.

Sakamakon gado ba na mutum ɗaya ba ne. In kin faɗa wa uwa tana da MODY, kin faɗa mata kowane ɗa nata na da rabin yiwuwar gada. Wani gidan za a fara nuna yatsa, daga wajen wa abin ya fito. Wani lokaci gwajin kan tono abin da ba shi aka je nema ba game da nasaba. Ana tattauna duk wannan kafin a ɗebi jini, da harshen da mutum ke ji, a gaya masa inda samfurinsa zai je da wanda zai gan shi. Shirin H3Africa, wanda NIH da Wellcome suka ƙaddamar a 2010, ya yi aiki sosai kan waɗannan ƙa'idoji, ki karanta su tun yanzu.

In kina neman tambayar da za ki fara da ita, ga wata da ke jiran likita mai lura. Akwai manya, galibi masu asalin Afirka, da ke zuwa asibiti kiton ya cika musu jini kamar masu nau'i na ɗaya, amma babu alamar farmakin garkuwar jiki, kuma bayan 'yan watanni da yawansu sukan bar insulin su zauna lafiya tsawon lokaci. Likitoci a Afirka ta Yamma sun bayyana shi tun da daɗewa, a Amurka ana kiransa da sunan unguwar Flatbush ta New York, kuma masu binciken gado na kansa har yanzu. Ba kya buƙatar na'ura mai tsada kafin ki fara. Ki sami babban likita ɗaya da zai tsaya miki, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibitinku, ki buɗe rajista ki riƙa rubuta shekarun kowane majinyaci da nauyinsa da tarihin gidansu da C-peptide ɗinsa ranar da ya zo da bayan wata uku da wata shida. In ya amince a rubuce, a ajiye jininsa a firiza mai lamba da kwanan wata. Ɗakunan binciken da ke da na'urorin karanta DNA suna da yawa, kuma abin da suka fi nema shi ne majinyatan da aka bayyana da kyau aka kuma bi sawunsu.